Babi na Uku: Hanyar da Saƙo Yake Bi

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana azumi na huɗu, jama'a a Najeriya da Gana da Kwaddebuwa da Laberiya da Benin suka tashi suka tarar waya tana ta juyi, ba ta buɗe komai. Masu POS a bakin kasuwa suna danna na'ura, tana cewa a sake gwadawa. Wanda ya tura kuɗin cefane an cire masa, wanda aka tura wa bai ga alat ba. Duk wanda ka tambaya amsa ɗaya yake bayarwa, wadda aka saba: "Netwok ne." Wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka zare layi suka goge shi da bakin riga, wasu suka yi ta tsine wa kamfanin layinsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga baya labari ya fito cewa abin ya faru ne a ƙarƙashin Tekun Atlantika, daura da gaɓar Abijan. Manyan wayoyi huɗu da ke kwance a ƙasan teku, wato SAT-3 da WACS da ACE da MainOne, sun lalace kusan lokaci guda. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a can ƙasan ruwa. Sai da jiragen ruwa na gyara suka yi makonni suna aiki kafin komai ya daidaita.

To me ya haɗa ƙasar da ta zame a cikin teku da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari na Kano, wanda tsakaninsa da bakin ruwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota? A babukan da suka gabata mun duba kwamfuta ita kaɗai: yadda take mayar da rubutu da hoto da murya su zama jerin sifili da ɗaya, da yadda take lissafi da su. Yanzu za mu bi waɗannan lambobi idan suka fita daga cikinta, mu ga inda suke bi da hannun waɗanda suke ratsawa. Yawancinmu muna ɗaukar intanet wani abu ne da ke yawo a iska, saboda a iska yake shigowa wayarmu. Iskar nan kuwa 'yar gajeriyar hanya ce ta ƙarshe. Sauran tafiyar duk a cikin waya ake yin ta, a binne a ƙasa ko a shimfiɗe a ƙasan teku, kuma kowane taku na wayar nan akwai mai shi.

Yadda aka fara

A shekarun 1960 kwamfuta ba abin da mutum ɗaya zai mallaka ba ne. Guda ɗaya tana cika ɗaki, kuɗinta kuma sai gwamnati ko babbar jami'a. Hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka, wadda aka kafa a 1958 bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, ita ce ke saya wa jami'o'i da dama waɗannan na'urori. Kowace jami'a tana son tata, kuma ta wannan ba ta jin yaren ta waccan. A 1966 wani jami'in hukumar, Bob Taylor, yana da tashoshin rubutu uku a ofishinsa, kowacce a haɗe da wata kwamfuta daban a wani gari daban. Idan zai yi magana da ta biyu sai ya tashi daga kujerar ta farko. Wannan wahala ce ta sa ya nemi kuɗin haɗa su wuri guda.

Matsalar ita ce layin tarho, wanda shi ne hanyar da ake da ita a lokacin, bai dace da kwamfuta ba. Idan ka buga tarho, ana keɓe maka layi tun daga bakinka har kunnen wanda ka kira, ba mai shiga sai kun ajiye, ko da shiru kuka yi. Ita kuwa kwamfuta maganarta a gutsure take: ta watso bayani cikin ƙiftawar ido, ta yi tsit na minti biyu, ta sake watsowa. Keɓe mata layi asara ce.

Mutum biyu, ba tare da sun san aikin juna ba, suka gano mafita. Ɗaya Paul Baran ne na cibiyar RAND a Amurka, ɗayan Donald Davies na ɗakin binciken kimiyya na ƙasa a Birtaniya. Dabarar ita ce a yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane ƙulli a rubuta masa inda ya fito da inda za shi da lambarsa a jeri, a sake shi ya nemi hanya.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa a Dawanau ta Kano da zai aika buhun wake 100 zuwa Legas. Yana iya yin shatar mota guda, ya jira ta, ta tafi ita kaɗai. In ta lalace a Lakwaja kaya sun tsaya gaba ɗaya. Yana kuma iya rubuta sunan mai karɓa a jikin kowane buhu, ya sa musu lamba daga 1 zuwa 100, ya miƙa wa ɗan kamasho. Duk motar da ke da gurbi a jefa mata biyu ko biyar. Wasu su bi ta Abuja da Lakwaja, wasu ta Mokwa da Jabba da Ilori. A kowace tasha ɗan kamashon wurin ba ruwansa da abin da ke cikin buhu, adireshi kawai yake dubawa ya ce a sa a waccan motar. Mai karɓa a Legas yana ƙirgawa yana jerawa. Buhu na 60 yana iya riga na 12 isowa, ba komai. Idan ya ga babu na 47, sai ya aiko a sake turo shi kaɗai. Haka intanet yake aiki har gobe. Na'urar da ke aikin ɗan kamasho ita ake kira rauta. Kowane ƙulli kuwa yawanci bai wuce bayit 1,500 ba, don haka hoton biki mai nauyin megabayit 3 yana tafiya ne a ƙulli kusan 2,000.

An gwada abin a daren 29 ga Oktoba, 1969. Wani ɗalibi, Charley Kline, yana zaune a ɗakin binciken Farfesa Leonard Kleinrock a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, zai shiga wata kwamfuta a Cibiyar Bincike ta Stanford, nisan kilomita fiye da 500. Ya buga harafi na farko ya isa, na biyu ya isa, a na uku kwamfutar can ta tsaya cik. Bayan kamar awa guda aka gyara, aka ci gaba. Kafin ƙarshen shekarar wurare huɗu ne a haɗe: waɗannan biyun, da Santa Barbara, da Jami'ar Utah. Sunan wannan haɗaka ARPANET.

Ana yawan cewa an ƙirƙiro intanet ne don ya tsira daga yaƙin nukiliya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin abin da ya dami Baran ke nan lokacin da yake nasa binciken. Amma waɗanda suka gina ARPANET tsimi ne ya dame su: yadda masani a wata jami'a zai mori kwamfuta mai tsada da ke wata jami'ar. Abin ban dariya, da aka ba su hanyar sai suka fi amfani da ita wajen aika wa juna wasiƙa. A 1971 Ray Tomlinson ya rubuta manhajar imel tsakanin kwamfutoci, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa.

Yarjejeniyar da ta riƙe komai

ARPANET haɗaka ɗaya ce mai uban gida ɗaya. Nan da nan wasu suka ɓullo, wata ta rediyo, wata ta tauraron ɗan'adam, wasu a Turai, kowacce da tsarinta. Sai tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga: yaya waɗannan za su yi magana da juna?

A watan Mayun 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa amsar da muke rayuwa a kanta yau. Suka ce kada a tilasta wa kowa ya canza abin da ke cikin gidansa. Mai waya ya riƙe wayarsa, mai rediyo ya riƙe rediyonsa. A dai yarda da ƙa'ida ɗaya ta rubuta adireshi a jikin ƙulli, da ƙa'ida ɗaya ta ƙirga abin da ya iso da neman abin da ya ɓace. Ta farko ita ce daga baya aka ware da sunan IP, ta biyu TCP. Ranar 1 ga Janairu, 1983, ARPANET ta koma kan wannan tsari gaba ɗaya, shi ya sa masana da yawa suke ɗaukar ranar a matsayin ranar haihuwar intanet.

A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya fi tsayawa, domin daga nan duk sauran abubuwa suka samo asali. Intanet ba shi da hedikwata, ba shi da shugaba, ba kamfanin da zai ce nawa ne. Dubban haɗakoki ne masu zaman kansu, na kamfanonin waya da jami'o'i da bankuna da gwamnatoci, da suka yarda su riƙa miƙa wa juna ƙulli bisa ƙa'ida ɗaya. An kuma tsara shi da gangan ya zama hanyar da ba ta da wayo. Rauta ba ta san ko abin da ta ɗauko karatun Alƙur'ani ne ko takardar banki ko wasan barkwanci ba. Wayon yana can bakin hanya, a cikin na'urar mai aikawa da ta mai karɓa. Amfanin haka shi ne duk wanda ya zo da sabuwar dabara ba sai ya nemi izinin masu waya ba. Cerf da Kahn ba su yi mafarkin kiran bidiyo tsakanin Makka da Maraɗi ba, amma da lokacinsa ya zo ba a sake haƙa rami ko ɗaya saboda shi ba. Manhaja kawai aka rubuta.

Adireshin IP na asali lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowacce daga 0 zuwa 255, kamar 8.8.8.8, wanda na wata na'urar Google ne. Wannan tsari yana ba da adireshi kusan biliyan 4.3. A lokacin an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. A watan Fabrairun 2011 hukumar da ke rabon ta miƙa rukuni na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka mai mazauni a Morishas. Akwai sabon tsari, IPv6, mai adireshin da ƙirga shi ya fi ƙarfin baki, kuma ana ta komawa kansa a hankali.

Mutum ba ya iya haddace lambobi irin waɗannan, suna yake riƙewa. Da farko akwai takarda guda a kwamfutar Cibiyar Stanford, ƙarƙashin kulawar Elizabeth Feinler da abokan aikinta, mai ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta, kowa ya kwafa. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. A wannan tsari an rarraba aikin hawa-hawa. Idan ka rubuta sunan shafi mai ƙarewa da .ng, wayarka tana tambayar wata na'ura, ita kuma ta bi sawu har wurin masu riƙe da rajistar Najeriya, wato hukumar NiRA, su nuna mata wanda ya san lambar. Nijar tana da .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td, Sudan .sd. Duk wannan tambaya da amsa tana ƙarewa kafin ka ɗaga yatsa daga kan gilashin waya.

Daga Kano zuwa bakin teku

Bari mu bi hoto guda. Wata baiwar Allah a unguwar Fagge ta ɗauki hoton jaririn da aka haifa, za ta tura wa yayanta da ke karatu a Landan. Ta danna. Wayar ta yayyanka hoton, ta watsa ƙullin ta igiyar rediyo zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, wanda a cikin gari da wuya ya wuce kilomita ɗaya ko biyu. Iyakar tafiyar iska ke nan, sai dai in ƙarfen yana miƙa wa wani ƙarfen ta faranti, kamar yadda ake yi a karkara. A gindin ƙarfen akwai akwatunan na'ura da batura da janareta, da mai gadi a 'yar rumfarsa. Idan man janaretan nan ya ƙare, duk ilimin Cerf da Kahn bai amfana wa matar nan komai ba.

Daga nan saƙon ya shiga wayar gilashi, wadda ma'aikata ke kira faiba. Zare ne na tataccen gilashi, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita. A bakinsa akwai fitilar leza da ke walƙiya sau biliyoyi a daƙiƙa guda, walƙiyar nan ita ce sifili da ɗaya. Haske yana gudu a cikin gilashi kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ana zura zaren a cikin bututun roba a binne a gefen titi. Duk wanda ke bin manyan hanyoyinmu ya sha ganin leburori suna haƙa doguwar lamba a kafaɗar kwalta, ga ƙaton faifan katako da aka naɗe waya a jikinsa an jingine a gefe. Intanet ɗin ke nan ake shimfiɗawa.

Ta haka hoton zai gangara kudu, rauta tana miƙa wa rauta, har Legas. A bakin teku akwai gine-gine marasa ado, masu katanga da tsaro, inda wayar tudu ke haɗuwa da ta ruwa. Wayar teku a wuri mai zurfi kaurinta bai wuce santimita biyu ba. Kusa da gaɓa ne ake yi mata sulke na ƙarfe saboda ƙugiyar jirage da tarun masunta. Haske yana raunana da nisa, don haka duk bayan kilomita 60 zuwa 100 akwai na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, ana ba ta wuta daga tudu ta cikin jan ƙarfen da ke jikin wayar. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi suke bi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: tun 1858 aka fara shimfiɗa wayar tangaraho tsakanin Turai da Amurka, ta gilashi ta farko a Tekun Atlantika kuma a 1988.

Mai karatu zai ce ina tauraron ɗan'adam? Yana nan, amma nisa ne cikas ɗinsa. Irin wanda ke tsaye a wuri guda a sama yana da nisan kilomita kusan 36,000. Tambaya ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, an cinye kusan rabin daƙiƙa kafin a yi komai. Waɗanda suka yi zamanin shagunan kafe a farkon shekarun 2000, lokacin da ake sayen awa a takarda a zauna ana kallon shafi yana buɗewa layi-layi, yawanci ta irin wannan faranti suke samun sabis. Ta wayar teku kuwa, zuwa Landan da dawowa daga Legas kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kacal, shi ya sa suka fi sauri. Sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Wayar gilashi ta farko da ta iso Legas ta teku ita ce SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, shekara guda bayan zuwan wayar salula. NITEL ce ke riƙe da ƙofarta, kuma kowa ya san yadda kasuwa take idan mai kaya ɗaya ne. Sai a 2010 abubuwa suka sauya, da zuwan MainOne, wadda injiniya Funke Opeke ta jagoranta daga Fotugal zuwa Akara da Legas, tsawon kilomita 7,000, da kuma Glo-1 daga Birtaniya. WACS da ACE suka biyo baya a 2012, Equiano ta Google ta sauka a 2022, sai 2Africa mai kewaye nahiyar, tsawon kilomita 45,000. Waɗannan sababbin hanyoyi na daga cikin abin da ya rage raɗaɗin tsinkewar 2024, domin kamfanonin da ke da gurbi a kansu sun karkatar da kayansu can cikin 'yan kwanaki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Waɗanda suka dogara da waya ɗaya su ne suka fi shan wuya.

Ita kuwa Nijar, da Chadi, ba su da bakin teku, dole sai sun ratsa ƙasar maƙwabta kafin su kai ga waɗannan wayoyi, kuma kowace iyaka da aka tsallaka akwai kuɗinta.

Kwamfutar da ba ta gabanka

Mutane da yawa suna haɗa intanet da shafukan da suke buɗewa, alhali shafukan baƙi ne da suka zo daga baya. A watan Maris na 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar binciken CERN kusa da Janiba, ya kawo shawarar a riƙa haɗa takardu da juna ta yadda danna kalma a wannan zai kai ka waccan, ko a wace kwamfuta take. Wannan ita ce yanar gizo ta www. Ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba lasisi ba haraji. Da sun ce sai an biya, da wuya a ce yau tana hannun kowa. Imel da kiran WhatsApp da tura kuɗi ta manhajar banki duk suna bin hanyar intanet, ko da ba a buɗe shafi ko ɗaya ba.

Babban abin da wannan hanya ta yi wa kwamfuta shi ne ta raba aiki da wurin da ake yin sa. A da, abin da na'urarka za ta iya ya tsaya ga abin da ke cikinta. In kana son manhaja sai ka sayo faifai, in faifan ajiyarka ya ƙone aikinka ya tafi. Yau idan ka nemi wani abu a Google, wayarka ba ta neman komai. Tambayar take aikawa, dubban kwamfutoci a wani ƙaton gini su yi aikin, su turo amsa. Waɗannan kwamfutoci su ake kira saba, gidajensu kuma cibiyoyin adana bayanai: dogayen ɗakuna masu sanyi, kantoci a jere cike da na'urori, ba taga, wuta ba ta ɗaukewa. Abin da 'yan talla ke kira ajiya a gajimare, a irin wannan gini yake. Shi ya sa wayar da ba ta kai ta masu kuɗi tsada ba take iya fassara magana ko nuna taswirar gari, shi ya sa kuma take zama kusan fanko da zarar data ta ƙare.

Hukumomi ma sun bi sahu. Lambar BVN da aka fara a 2014, da jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da lambar NIN, dukansu sun dogara ne da wata saba da ke nesa. Ma'aikacin da ya ce maka "saba ta faɗi, a dawo gobe" wani lokaci gaskiya yake faɗa: kwamfutar da ke gabansa lafiyarta ƙalau, wadda ke da bayanin ce ba ta amsawa, ko hanyar zuwa gare ta ta yanke. Wani lokaci kuma, mun sani, saba tana ɗaukar laifin da ba nata ba.

Akwai abin da wannan sauyi ya jawo wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Hanyar da aka gina don kada ta dogara da wuri ɗaya, yau yawancin zirga-zirgarta tana ƙarewa ne a ƙofar kamfanoni 'yan ƙalilan. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani kuskure da injiniyoyin Facebook suka yi wajen gyara ya sa na'urorinsu suka daina sanar da sauran duniya hanyar zuwa gare su. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Wayoyin teku lafiya lau, ƙarafan sabis suna aiki, amma ga mai sayar da turaren wuta da duk cinikinta a WhatsApp yake, ranar babu intanet.

Kuma tun da hanyar a ƙasa take, mai iko da ƙasa yana iya toshe ta. A farkon Satumban 2021 aka umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Ko matakin ya biya buƙata ko bai biya ba, muhawara ce ta wani littafin. Abin da ya nuna a nan shi ne kashe ƙarafa ya wadatar a raba miliyoyin mutane da sauran duniya.

Inda namu aikin yake

Alƙaluman hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2024 sun nuna mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet, kashi 68 cikin ɗari na jama'ar duniya. A Afirka kashi 38 ne. Dalilin wannan giɓi ba ƙarancin waya a teku ba ne, domin abin da ke sauka a Legas ya fi abin da ake iya shigarwa cikin ƙasa. Daga bakin ruwa zuwa ciki ne hanya take ƙuntata.

Wani ɓangare na maganin an fara shi tun 2006, da aka kafa IXPN, mahaɗar da kamfanonin Najeriya ke musayar bayanai kai tsaye. Kafin ita, saƙo daga wani layi zuwa wani a cikin gari ɗaya yana iya zuwa Turai ya dawo, a biya kuɗin tsallaka teku sau biyu a kan tafiyar da ba ta wuce tsallaka titi ba. Yanzu mahaɗar tana da rassa a wasu birane, har da Kano, inda kuma aka buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a 2023. Duk da haka manyan cibiyoyin ƙasar kusan duk a Legas suke.

Sauran cikas ɗin namu ne na gida. Kamfanin da zai binne waya sai ya biya jiha kuɗin ratsa hanya. An amince a matakin ƙasa da naira 145 a kowace mita, wasu jihohi suka yafe gaba ɗaya, wasu suka ninka shi sau da yawa, sannan suna mamakin yadda kamfanoni suka tsallake su. Wayar da aka binne kuma kullum cikin haɗari take: katafilar 'yan kwangilar titi ta tumɓuke ta, ko ɓarayi su sare ta suna zaton jan ƙarfe ne, su tarar da gilashin da ba mai saye. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne, amma doka a Abuja ba ta gadin rami a Ɗanbatta.

Saboda haka kira ga gwamnonin jihohinmu na Arewa da shugabannin ƙananan hukumomi: a sauke kuɗin ratsa hanya, a sa wa duk ɗan kwangilar titi sharaɗin ya tuntuɓi masu waya kafin ya kafa katafila, duk sabon titin da za a yi kuma a binne bututun faiba tare da shi tun kafin a zuba kwalta. Masu unguwanni da dagatai su ma su san cewa wayar da ta ratsa gabansu ita ce bankin garin da makarantarsa, su sa ido a kanta.